Tocilar da Ido Ba Ya Gani



Duk wanda ke da rimot ɗin talabijin a kusa, da wayar hannu mai kyamara, yana iya yin wani ɗan gwaji kafin shirin nan ya yi nisa. A buɗe kyamarar waya, a juyo bakin rimot ya fuskance ta, a danna kowane maɓalli. Ido ba zai ga komai a bakin rimot ɗin ba, amma a fuskar waya sai ga wani ɗan haske, fari mai sirkin shuɗi, yana ƙyaftawa. Idan kyamarar baya ta ƙi nunawa, a gwada ta gaba, wadda ake ɗaukar kai da ita, don ta fi saurin tona asirin. Wanda ya ga wannan ɗan hasken ya riga ya ga sirrin na'urar da shirin yau ya ɗauko.

Na'urar hangen dare ta dijital ake ce mata. A ido ta yi kama da madubin hangen nesa. Wata ta ido ɗaya ce, hannu guda ke riƙe ta, wata ta ido biyu, wata kuma allo gare ta kamar na ƙaramar waya. Kusan duk wanda ya fara jin labarinta, sojojin fim ne ke faɗo masa a rai: fuska rufe da tabarau, duniya duk ta koma koriya. Da wannan zato ake saye, shi ne kuma ke jawo da-na-sani tun a daren farko. Abin da ke cikin kwalin bai kai nan ba. Kyamara ce da allo da tocila, sai dai hasken tocilar idon ɗan Adam ba ya kama shi.

An daɗe da sanin wannan haske. A shekarar 1800, William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, wanda ya gano duniyar Uranus, ya bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya baje shi zuwa launukan bakan gizo. So yake ya auna zafin kowane launi. Da ya gusar da ma'aunin zafinsa gaba da ja, inda babu launin da ake gani, sai ma'aunin ya ci gaba da hawa. Ashe akwai haske a wurin, ido ne ya gaza. Shi ne ake kira infirared. Masana na auna haske da wani ɗan mitsitsin awo mai suna nanomita, kuma idon mutum yana gani ne daga wajen 400 zuwa wajen 700. Tocilar na'urar hangen dare tana aiki a 850 ko 940, farantin da ke ɗaukar haske a cikin kyamara kuwa yana iya kama har kusan 1,100. Masu ƙera waya da gangan suke sa wani ɗan gilashi mai tace wannan haske don kada launukan hoto su jagule, shi ya sa ɗan kaɗan ne ya tsallake a gwajin rimot. Na'urar hangen dare ba ta tace shi idan dare ya yi. Wanda ya taɓa lura da kyamarar tsaro a ƙofar shago ko banki, da 'yan jajayen ɗigo kewaye da idonta da daddare, ya san 'yar uwarta.

Ta sojoji kuwa zuri'arta daban. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa suna da wata da suka kira Vampir, sojojin Amurka ma sun yi aiki da tasu a tsibirin Okinawa a 1945, kuma dukansu sai da fitilar infirared da ƙaton batir goye a baya. A yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, aka fito da wadda ba ta buƙatar fitila. Ɗan hasken wata da taurari take tattarawa a cikin wani bututu, ta ninka shi sau dubbai, ta nuna shi kore, domin ido ya fi iya rarrabe duhu da hasken kore a kan sauran launuka. Irin na yau masu kyau kuɗinsu dubban daloli ne, haske mai ƙarfi na iya lalata bututun, kuma Amurka ba ta barin a fitar da mafi ingancinsu daga ƙasarta sai da izini.

Ta dijital daga gidan masu kyamara ta fito. A 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro farantin da ke mayar da haske hoton lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2009. A farkon shekarun 1990, Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar bincike ta hukumar NASA suka fito da nau'in da ya fi araha kuma bai cika shan wuta ba, wanda shi ne ke cikin kusan kowace waya a yau. A 1998 kamfanin Sony ya sa wa kyamarorinsa na bidiyo tsarin NightShot, talaka ya fara ɗaukar hoto a duhu. Yanzu kamfanoni irin su Pulsar da Bushnell da Sightmark da Nightfox duk suna ƙera ta. Kuɗinta bai kama ƙafar ta sojoji ba, ana iya kunna ta da rana ba abin da zai same ta, tana kuma ɗaukar hoto da bidiyo. Rauninta shi ne, a baƙin duhu idan aka kashe tocilar, mai arahar cikinsu kusan makauniya ce.

Tarko na farko a jikin kwali yake. Za a ga an rubuta cewa tana hangen mita 300 ko 400, mai saye ya ɗauka zai gane fuskar mutum daga can. Tun a 1958 wani masanin ɗakin binciken sojojin Amurka, John Johnson, ya rarrabe matakan gani, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Akwai ganin cewa wani abu yana can. Akwai gane cewa mutum ne ba saniya ba. Sannan akwai shaida wane ne mutumin. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tazara mai yawa, kuma abin da 'yan kasuwa ke rubutawa kusan kullum na farkon ne. Haka nan alamar 4K da ake bugawa da manyan baƙaƙe. Sau da yawa girman bidiyon da ake adanawa take nufi, alhali ɗan allon da ido ke kallo bai kai rabin rabin haka ba. Maɓallin jawo abu kusa ma da sauran magana. Jawowar da gilashin gaba ke yi ita ce ta gaskiya. Ta maɓalli kuwa tsakiyar hoton take yankowa ta buɗa shi, kamar yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu a waya, yana ƙara girma yana ƙara dusashewa.

Wanda ya saya, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya fara koyonta da la'asar. Abin dariya ne a ce na'urar dare a koye ta da rana, amma duk wanda ya taɓa laluben maɓalli biyar masu kama da juna a cikin duhu ba zai yi dariya ba. Yatsa ne ya kamata ya haddace inda na kunnawa yake, da mai haruffan IR wanda ke ƙara ƙarfin tocila da rage shi, da na ɗaukar bidiyo. Abin kiyayewa ɗaya ne da rana: kada a nufi ƙwayar rana da ita.

Sai batun saiti, inda mafi yawan sababbin hannu ke yanke hukuncin cewa an cuce su. Irin wadda ake kanga wa ido zobba biyu gare ta, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Na wajen ido yana daidaita idon mai kallo da ɗan allon da ke ciki. Yadda ake saita shi, a manta da abin da ke waje gaba ɗaya, a zuba ido kan rubutun da ke allon, alamar batir ko lambobin agogo, a yi ta murzawa a hankali har sai sun fito tar. Daga nan an gama da shi, sai dai in wani ne ya ari na'urar, don idon kowa da irin nasa. Na gaba shi ne na nisa, shi kuwa kullum cikin murza shi ake: in an bar kallon ƙofar garke an koma kan bishiyar ƙarshen gona, sai an sake taɓa shi. Wanda ya haɗa biyun yana murzawa lokaci guda zai kwana bai ga hoto mai kyau ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba, saitin da aka yi da rana yakan ɗan kauce da dare, domin gilashi ba ya lanƙwasa infirared daidai da yadda yake lanƙwasa hasken da aka saba. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗan murzawa kaɗan ke gyara ta.

A ɗauki misalin mai kiwon kaji a bayan gari, wanda kwana uku a jere yana wayar gari da gashin kaza a warwatse a bakin akurki. Bayan sallar isha ya fito da sabuwar na'urarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kunna, ya ƙure tocilar don yana ganin yawan haske shi ne yawan gani. Abin da zai tarar farin allo ne fat, kamar an shafa farar ƙasa. Katangar da ke taku uku a gabansa ce ta maido masa da hasken duka. Da ya rage tocilar zuwa matakin farko, sai duniya ta fara fitowa, baƙi da fari da toka-toka, ba kore ko ɗaya. Ganyen dalbejiya ya koma fari sol kamar an baza auduga a kan rassa, domin ɗanyen ganye yana maido da infirared sosai. Wani masanin Amurka, Robert Wood, ya nuna haka a hotunansa tun a 1910. Baƙar rigar da aka shanya a igiya tana iya fitowa fara, don rini da yawa ba su da tasiri a wannan haske, saboda haka kada a ce za a shaida mutum da launin kayansa. Ƙwari na giftawa kamar tartsatsin wuta. Can a gefen turke kuma sai ga fitilu bibbiyu suna kallonsa. Awaki ne. A bayan ƙwayar idon akuya da saniya da kare da kyanwa akwai wani shimfiɗe mai maido da haske kamar madubi. Mutum ba shi da shi, shi ya sa idon dabba ke fara bayyana tun kafin a ga jikinta.

Darasin katangar nan shi ne rabin sanin na'urar. Kyamarar da kanta take rage buɗewarta idan ta ga abu mai haske. Reshe ɗaya da ya gitta kusa da baki, ko ƙarfen shinge, ko zangarniyar dawa, ya isa ya sa duk abin da ke bayansa ya nutse cikin duhu. Maganin ba ya cikin maɓalli. A gusa taku ɗaya gefe, a kauce wa reshen, sai nesa ta buɗe. Haske kuma yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: abin da ke taku ashirin kashi ɗaya cikin huɗu yake samu na hasken da mai taku goma ke samu, mai taku talatin kuwa ɗaya cikin tara. Saboda haka ƙarfin da ya dace da ƙarshen gona ya yi wa tsakar gida yawa. A daren farin wata kuwa, gara a gwada kashe tocilar gaba ɗaya. Sau da yawa hoton ya fi kyau, batir kuma ya huta.

Tsakanin 850 da 940 akwai ciniki. Mai 850 ta fi kai wa nesa, amma wanda ya dubi bakinta zai ga ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, wasu dabbobin ma suna lura da shi. Mai 940 kusan ba a ganin komai a bakinta, sai dai zangonta ya fi gajarta, hotonta ya fi dishi-dishi. Ga mai duba garke ko lambu, 850 ta wadatar. Kuma kada a ruɗi kai da cewa an ɓuya: duk wata kyamarar tsaro, ko wata na'urar irinta, tana ganin tocilar nan tamkar fitilar mota.

Akwai abin da na'urar ke karɓa daga mai ita ba tare da ya sani ba. Idon mutum yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, allon kuwa cikin ɗan lokaci yake rushe wannan sabo. Da an sauke ta daga fuska, sai duhun ya ninka na da. Shi ya sa ake rage hasken allon iya abin da ido zai iya karantawa, masu ta ido ɗaya kuma suna da riba, don ɗaya idon yana nan da sabonsa. Ba a tafiya da ita a ido. Hoton yana ɗan makara a bayan abin da ke faruwa, fagen da take nunawa ƙunci gare shi, ba ta kuma nuna zurfi, rami da inuwa duk ɗaya ne a wurinta. A gonar da ke da tsohuwar rijiya ko kududdufi wannan ba abin wasa ba ne. A tsaya, a duba, a sauke, sannan a taka. Tuƙin mota ko babur da ita kuwa bai ma taso ba. Bakin tocilar ma ba a leƙa shi daga kusa, ba a kuma haska wa yaro a fuska. Haske mai ƙarfi da ake gani yana sa ido ya ƙifta ya kare kansa, wannan kuwa ido bai san yana shiga ba.

Takardar da ke cikin kwali ba ta san hunturu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko, kowace ƙwayar ƙura da ke yawo a iska sai ta maido da hasken tocilar, allon ya cika da farin hayaƙi. Direban da ya taɓa kunna babbar fitila cikin hazo a hanyar Kano zuwa Katsina ya san abin, ƙara haske ƙara makanta ne. A rage tocilar, ko kuma wanda ke da tocilar infirared ta daban ya riƙe ta can gefe, nesa da bakin kyamara. Yayyafi da hayaƙin ƙona ciyawa ma haka suke yi. Gilashin taga da na mota su ma maido da hasken suke yi, don haka mai son dubawa daga ɗaki sai ya buɗe taga. Ƙurar da ta kwanta a gilashin gaba kuma ba a goge ta da gefen riga, yashi ne, karce shi zai yi. A fara hure ta, sannan a bi da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Da damina, in an fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, gilashin kan yi raɓa, sai a ba ta 'yan mintoci ta sha iska.

Wasu kan rikita ta da kyamarar zafi. Waccan ba ta haska komai, ɗumin da jiki ke fitarwa take gani, kuɗinta kuma ya fi yawa. Ko ita ba ta ratsa bango, balle wannan da ko doguwar ciyawa ta isa ta tare mata gani.

Batir shi ne kuɗin cefanen na'urar, tocilar kuma ita ce mai cinye shi. Waɗansu na aiki da ƙananan batura irin na rediyo, waɗansu da na caji mai lamba 18650, lambar da ke nufin kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Na gaske a cikinsu ƙarfinsa bai wuce wajen 3,500 ba a awon da ake rubuta wa mAh. Wanda aka ga an buga masa 9,900 a jiki, ana kuma sayar da shi da arahar banza, ƙarya ce tsagwaronta, araha kuwa ba ta ado. Ba a barin batir a motar da ta wuni a rana, ba a kuma ajiye na'urar wata da watanni da batir a ciki, don in ya zubo da ruwa ya ci ƙarafan, gyara ya yi wuya. Memori a bar na'urar ta share shi da kanta kafin fara aiki. Sannan a saita kwanan wata da lokaci tun ranar farko. Bidiyon da ke nuna wata shekarar da ta wuce ba ya taimakon wanda zai kai ƙara gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda.

Maganar hukuma ta zo ke nan, kuma a yanayin da ake ciki ba a wasa da ita. A Najeriya kayan hangen dare suna cikin kayan da ake kallo da idon tsaro, kuma shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Wanda ya yi oda ta intanet bai bincika ba yana iya samun kayansa a hannun kwastan. Wanda kuma aka tare a shingen bincike da ita cikin jaka, a yankin da ake fama da 'yan bindiga, zai sha tambayoyi ko da kaji kawai yake gadi. A riƙe rasit, a sanar da jami'an tsaron yankin da mai gari, 'yan sintiri kuma su bi ta hannun hukumar da suke aiki a ƙarƙashinta. Mai zuwa kallon namun daji a wuri irin Yankari ya tambayi ma'aikatan gandun kafin ya fito da ita. Katangar maƙwabci kuwa tana nan da hurminta da dare kamar yadda take da rana. Addini da al'ada duk sun hana leƙe, kuma na'urar da ke ɗaukar bidiyo laifin da take jawowa ya fi na ido.

Mai kajin nan ma ba sai ya kwana a tsaye yana ciyar da sauro ba. Galibin na'urorin suna da ramin ƙusa a ƙasansu, irin na kyamara, wanda ake ɗaura su da shi a kan sanda mai ƙafa uku. Hannu yana rawa, musamman in an jawo abu kusa, sanda kuwa ba ta yi. In babu sandar, buhun dusa a kan turmi ya isa. Sai ya saita ta kan gindin katangar akurki tun da sauran haske, ya sa tocila a matakin ƙasa, ya jona mata fawa bank in tana karɓa, ya danna ɗauka, ya shiga ɗaki. Da safe, da kofin koko a hannu, ya bi bidiyon yana tsallakewa har inda fitilu biyu ƙanana suka ɓullo ta ramin magudanar ruwa, ƙasa-ƙasa, muzuru na biye da su. Lambobin da ke kusurwar hoton za su gaya masa ƙarfe nawa ne, ramin kuma bulo biyu da ɗan siminti yake buƙata.